Amsa ga malamar da ta yi tambaya kan kuɗin ƙungiya da ake yanka a albashi

Wa alaikumus salam Malama. In na fahimce ki, an ɗauke ki koyarwa a firamaren gwamnati, baki taɓa cike fom ɗin shiga ƙungiyar malamai ta ƙasa wato NUT ba amma albashi na zuwa da giɓi, an ce miki kuɗin ƙungiya ne, kina tambaya ko dole ne. Toh ni dai na daɗe a aikin nan, tun ana biyanmu albashi a hannu a kan tebur, bari in faɗa miki abinda na sani.

A doka ba dole bane. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, sannan gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005 zamanin Obasanjo ya faɗa ƙarara cewa shiga ganin dama ne, ba a tilasta ma'aikaci, ba a kuma musguna masa don ya ƙi shiga ko ya fita. Amma ga inda gizo ke saƙar, ƙaramin ma'aikaci ana ɗaukarsa ɗan ƙungiya ne kai tsaye har sai shi da kansa ya rubuta ya ce ya fita. Shi yasa ba wanda ya miƙo miki fom, shirun da kika yi ne aka ɗauka kin yarda.

Sai dai don Allah kafin ki ɗau biro ki je ki karɓo takardar albashinki tukuna, alat ɗin banki ba ya nuna komai sai abinda ya rage. Akwai wani malamin lissafi da muka yi aiki tare, ya shigo ofishin malamai yana ta kumfar baki wai ƙungiya ta cinye shi, muka sa shi ya je sashen albashi aka buga masa takardar, ya dawo muka shimfiɗa ta a kan benci muna bi layi-layi da jan biro, ga haraji, ga fansho, ga kashi 2.5 na asusun gidaje wato NHF, ga bashin buhun shinkafar azumi da ya ci a kofaretib ya manta da shi, kuɗin ƙungiyar da yake ta zagi ashe shine ƙarami a ciki. Haraji da fansho kuwa ko kin fita daga ƙungiya suna nan daram.

In kin duba kuma har yanzu fitar kike so, rubuta wasiƙa da sunanki da lambar fayil ɗinki da sunan makaranta, ki ce kin janye daga ƙungiya a daina cire miki kuɗinta daga wata kaza. Ki bi da ita ta hannun hedimasta zuwa ofishin ES wato sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ki kai kwafi reshen ƙungiya na ƙaramar hukuma. Abin da ya fi komai, ki tsaya a buga miki sitamfi da kwanan wata a kan fotokwafinki, ki adana. Maganar baki ba ta aiki a nan wlh. Kuma kowa tasa daban, kar ku haɗu ku goma ku sa hannu a takarda ɗaya. In an ci gaba da yanka bayan haka, hurumin kotun ma'aikata ta ƙasa ne, ita gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba irin waɗannan shari'o'in, kodayake da wuya a kai can in kina da takardarki mai sitamfi.

Ra'ayina kuma, tunda kin ce a ba ki shawara, ni ba zan fita ba. NUT tana nan tun 1931, kuma malamin firamare shi kaɗai ba wanda ke jin kukansa. A 2017 da gwamnatin El-Rufai ta sallami malamai sama da dubu 21 a Kaduna bayan jarabawar gwaji, ƙungiyar ce ta tafi yajin aiki a farkon 2018, bata hana korar ba gsky, amma wa kuma ya ɗaga murya? Dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko 40 na aiki ma ƙungiya ta daɗe tana bibiyarta, duk da ba kowace jiha ce ta fara aiki da ita ba. Abinda na fi so ki yi shine ki riƙa zuwa taron reshe kina tambayar lissafi, kuma duk wani ƙarin yanka da ya fito daga baya, na atamfar ranar malamai ne ko na gini, ki tambayi a wane taro aka amince da shi.

Sannan in kina da ajiya ko bashi a asusun taimakon juna na malamai, ki fara tambayar makomar kuɗinki kafin ki miƙa wasiƙar, kuma kar ki sa ran za a dawo miki da abinda aka riga aka cire a watannin baya.