Likita Na Amsa Tambayoyinku: Shin Kansa Gado Ce?

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta rasu da sankarar mama tana da shekara 31, ƙanena kuma an yanke masa ƙafa saboda kansar ƙashi yana ɗan shekara 14. Gado ne? (Wata baiwar Allah, Zariya)

Amsa: Allah Ya jiƙan Mama, Ya ba ƙanenki lafiya. Yawancin kansa ba gadonta ake yi ba, amma shekarun da kika ambata sun sa na ɗaga kai. Akwai ƙwayar gado mai suna TP53, ita ke ƙera furotin p53. Shi wannan furotin hawa kan DNA (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) yake yi yana ba sauran ƙwayoyin gado umarni, kamar sarkin noma a gandu. Idan ƙwayar jiki ta samu taɓuwa, sai ya hana ta rabuwa har a gyara ta. In ta ƙi gyaruwa, ya sa ta mutu. Kowa na da TP53 biyu, ta uwa da ta uba. Wanda ya gaji ɗaya a lalace, da ƙafa ɗaya yake tsaye tun haihuwa, shi ya sa kansa kan iya kama shi da wuri. Ana kiran matsalar Li-Fraumeni, sunan likitocin Amurka biyu da suka bayyana ta a 1969, kuma kowane ɗan mai ita na iya gadonta, rabi da rabi. Gwaji ne kaɗai zai tabbatar. Ki zauna da gwaggo ko inna, ki rubuta duk wanda ya yi kansa a dangi da shekarunsa, ki kai asibitin koyarwa.

Tambaya: Da gaske gyaɗa mai funfuna na kawo kansar hanta? (Manomi, Gumel)

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam. Funfunar gyaɗa da masara na fitar da guba mai suna afilatoksin, wadda ke ɓata TP53 a wani wuri guda da masana suka sa wa lamba 249. An ga haka sosai a Gambiya da Sin. In ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ninkuwa yake. Abin da ke ba ni takaici, a tsince mai kyau a kai kasuwa, a bar wa yara ruɓaɓɓiyar ko a yi ƙuli-ƙuli da ita, alhali suya ba ta kashe gubar duka. A shanya kan tabarma ko leda, ta bushe ƙamas kafin ta shiga buhu.

Tambaya: In bari a yi wa ɗiyata allurar HPV? (Wata uwa, Gusau)

Amsa: Ki bari, Hajiya. Ƙwayar cutar HPV rusa p53 take yi a bakin mahaifa, daga nan sankara ke samun ƙofa. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar a Oktoban 2023.