Maƙwabci ya ɗora bene, yaya zan gyara tsakar gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Tsakar gidanmu a Kano mita 6 ce da 8, duk an malale ta da siminti. Bara maƙwabcinmu ya ɗora bene, tagoginsa suna kallon cikin gidanmu, har ta kai ba na iya zama ba mayafi. Ina da kyanwa, ɗana kuma yana kiwon tattabaru. Maigida ya ce a ƙara wa katanga tsawo. Hakan zai wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙarin katanga zai rage, amma ba zai wadatar ba. Wanda yake leƙowa daga sama, ta sama ake tare shi.

Ga lissafin. A ce idon wanda ke tagar benen yana mita 4.5 daga ƙasa, tagar kuma tana nesa da katangarku da mita 3. In katangar mita 2.4 ce, mutumin da ke tsaye a tsakar gida ba ya ɓoyuwa sai in bai wuce kimanin mita ɗaya daga jikinta ba. A ƙara bulo layi uku ta kai mita 3, wurin da ya suturtu zai kai kusan mita 3 ne kawai. Sauran filin yana nan a buɗe, ga iskar da aka toshe. Kuma katangar bulo inci shida da ba ta da ginshiƙan kankare, in aka ɗora mata nauyi, iskar farkon damina tana iya kayar da ita.

Don haka kuɗin bulon nan a zuba shi a rumfa. A kafa ta a inda kuka fi zama, rufinta ya karkato ta ɓangaren benen. Ni na fi son ƙarfe a matsayin dirka, a rufa da zana ko asabari, domin kwano zalla a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kusantar digiri 40, tanderu ne. In dole sai kwano saboda ruwa, a shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa. Zanar za ta nemi canji bayan damina biyu ko uku, amma kuɗinta ba ya karya mutum.

Kafin a kira mai walda ma, maigida ya taka ya sami maƙwabcin. Malaman Malikiyya sun daɗe da hana buɗe tagar da ke tona asirin gidan wani. Sau da yawa gilashin da ba a iya gani ta cikinsa ko ɗan allon kwano a jikin tagar ya kashe maganar. In abin ya ƙi, akwai mai unguwa.

Sai simintin. Shi ne yake shan rana yini guda ya dinga amayar da zafi har bayan isha'i. Ba sai an fasa duka ba. A yanke mita ɗaya a bin katangar da ke fuskantar benen, a zuba ƙasa da taki, a jera lalle. Yana jure fari, yana cika ya yi duhu in ana aske shi, ga ƙamshin furensa da yamma, ga na ƙunshi a hannu. Zogale ya fi shi saurin tashi, sai dai ganyensa ba ya rufe ido, kuma da rani yakan kaɗe. Gwaiba ko lemun tsami guda ɗaya a kusurwa ya isa. Darbejiya da mangwaro kuwa ki haƙura da su. Na ga gidaje da dama da saiwar darbejiya ta tsaga katanga ta shiga ramin masai, a fili irin naku ba su da wuri.

Tun da akwai dabbobi da yara, kada a bar zurma, bini-da-zugu ko tumfafiya su tsiro. 'Ya'yan na farkon biyu guba ne, farin ruwan tumfafiya kuma yana cutar da ido.

Kyanwa da tattabara ba sa shiri, kowa ya sani. Ɗakin tattabarun a ɗaga shi kamar mita 2 a kan ƙafafun ƙarfe masu santsi, nesa da katanga da rufin rumfa, don daga nan take dirowa. A sa raga mai ƙananan idanu, wadda ɓera ma ba zai ratsa ba, ƙofar kuma ta juya wa arewa maso gabas baya, inda iskar hunturu ke fitowa. A yayyafa ruwa kafin a share kashinsu, saboda ƙurarsa ba ta da kyau ga ƙirji. Taki ne mai ƙarfi, in ya kwanta ya ruɓe sai a ba lallen.

Ita kyanwar, a ware mata kwanon yashi a lungu, a kwashe kullum, amma mai juna biyu kada ta yi wannan aikin, domin akwai ƙwayar cuta a kashin kyanwa da ke iya taɓa ɗan tayi. A kai ta asibitin dabbobi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare. Kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, yana kashe kyanwa, haka ma ɓeran da ya ci guba.

In za a taɓa daɓen, a gaya wa magini ya gangarar da shi santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa bakin kwata. Ruwan da ya kwanta mako guda zuwa kwana goma ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi, har da na kaskon shan tattabaru, don haka a riƙa juye shi kowace safiya. Aikin rumfa a gama shi kafin Mayu, dashen kuma a jira ruwa ya zauna a Yuni ko Yuli.