Kada ki tuge koriyandar nan, iri za ta ba ki

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce koriyandarki, tsiron nan da ake sa ganyensa da 'ya'yansa a girki don ƙamshi, ta miƙe sama, ganyen ya koma sirara, ga fararen furanni, kina tambaya ko ki tuge ta ko za a samu iri. Ki bar ta. Zancen ganye ya ƙare, saura 'ya'ya.

Na yi shekara 6 ina shuka ta a bokitai nan bayan gidanmu a Unguwar Rogo, cikin Jos. Daga shuka zuwa girbin iri wata 3 zuwa 4 ne, shi ya sa nake zuba iri a Oktoba, ruwa na ɗaukewa, don 'ya'yan su nuna cikin hunturu. Wadda na taɓa bari ta yi 'ya'ya a Agusta, kin dai san ruwan Jos, baƙi ƙirin suka koma tun suna jikin karan.

Idan furen ya zube za ki ga ƙananan 'ya'ya kore shar. Kada ki yi gaggawa. Ki murza ɗaya ki shinshina, wani wari ne kamar na kuɗin cizo, Allah ya ba ki haƙuri, sai sun bushe ƙamshin ke fitowa. Ki jira har fiye da rabinsu su koma ruwan ƙasa. Kada kuma ki ce sai duka sun bushe, iskar Janairu za ta kakkaɓe miki su ƙasa.

Da sassafe nake yankewa, da sauran raɓa, har da karan. In ɗaure, in zura kawunan cikin tsohuwar rigar filo, in rataye kai ƙasa a inuwa inda iska ke ratsawa, mako 2. Leda kam a'a. Girbina na farko a leda na ƙulle, ya yi gumi, fumfuna ta cinye, ranar har hawaye na yi.

Sai ki murje da tafin hannu, ki sheƙe a faifai kamar gero. Ki ciji ɗaya, in ya ce ƙas ya bushe. A kwalba mai murfi nake zubawa, nesa da murhu, in rubuta wata da shekara. Nawa na shekara 2 har yanzu yana tsira.

Ki ware na shuka daban kafin ki soya na girki, wanda ya ji wuta ba ya fitowa. Kuma kowace ƙwaya iri biyu ne a haɗe, ranar shuka ki ɗan danna ta da gindin kofi ta rabu, ta fi saurin tsira.