Ba a kai sifirin maƙera

Ka ce tsohuwar Land Cruiser ɗin nan gabanta ya zauna, ko za a cire sifirin a kai maƙera a gasa shi a lanƙwasa, tunda sabon yana da tsada. Kai yaro, kar na ƙara jin wannan magana a garejina. Ƙarfen sifirin an riga an ba shi taurinsa tun daga masana'anta. Wuta na taɓa shi ya mutu, ko da kuwa ido ya ga ya miƙe.

Wani ɗan kasuwa mai kai kaya ƙauyukan bakin iyaka ya taɓa kawo mini irin wannan mota, ƙirar 75, mai ganyen sifirin, wato falle-fallen ƙarfe da aka jera, gaba da baya. Sai a 1999 Toyota ta mayar da na gaba mai murɗi. Ya zo da sifirin biyu a bayan mota, baƙi wuluk suna sheƙi, ya ce sababbi ne. Na sa sukundireba na kankare fentin, sai ga ƙarfe ya yi shuɗi-shuɗi inda wuta ta ci shi, ga sawun guduma a jikin babban ganyen. Na ce, Alhaji, waɗannan sun sha wuta. Ya rantse, ya ce ni dai na ɗaura, sauri yake. Mutum ne da ya girme ni, na ɗaura.

Ya labta mata buhunan gero da durom na mai har ta durƙusa, ya kama hanyar yashi. Babban ganyen dama ya karye, taya ta ja baya, sitiyari ya ƙwace, Allah ne ya tsare rayuka. Ka san abin da mutumin nan ya yi? Ya kwaso 'yan uwansa ya zo ya tsaya a bakin gareji yana kururuwa wai na sace masa sababbi na ɗaura masa tsofaffi. Ni! Aka zauna gaban dattawan gareji, ba shaida, domin yaron da ya ga na kankare fentin ya riga ya bar aiki. Aka ce a yi sulhu. Sulhun shi ne na sayi sifirin biyu da kuɗin aljihuna, ladan aikina kuma har yau ban gan shi ba. Wata guda ana nuna ni da baki a kasuwar kayan mota. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Ɗaga mota da kwance noti ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya koma gida. Ku yaran yanzu kun fi son ku kalli waya minti biyu ku ce kun iya.

Abin da ba ku yi shi nake faɗa. Duka biyun ake canjawa, ko ɗaya ne ya zauna. Ka tabbata kan kusar tsakiya, wadda ta haɗe ganyen sifirin, ya faɗa raminsa sosai kafin ka ɗaure komai, kusoshin da ke rungume da aksil kuma sababbi za ka sa. Notin bushin kuwa, wato robar da ke ƙarshen sifirin, kar ka matse shi mota na rataye a jak. Sauke ta ta zauna da nauyinta tukuna, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage. Ka ce wa mai motar ya dawo bayan tafiyar farko a ƙara matse kusoshin. In kuma shi ya kawo kayansa, kankare fentin a gaban mutum biyu kafin ka taɓa sifana.