Da me ake auna tasirin binciken likitan mafitsara?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na karatun likitanci, kuma ina sha'awar fannin mafitsara da hanyoyin fitsari. Ina jin ana cewa wane babban masani ne saboda yawan maƙalolin da ya wallafa da yawan masu kafa hujja da su. Wannan ne ma'aunin? Kuma me ya sa nake ganin sunaye har goma a kan maƙala ɗaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ma'auni ne, amma ba shi ne babba ba. Rumbunan maƙaloli na intanet irin su Google Scholar da Scopus suna ƙirga sau nawa aka ambaci aikin mutum, daga nan ake fitar da ma'aunin h: idan aka ce naka 20 ne, kana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Yana da amfani wajen ƙarin girma a jami'a. Sai dai ana iya kumbura shi, kuma duk mun san al'adar nan ta saka sunan oga a aikin da ko karanta shi bai yi ba. Ni abin da nake fara dubawa shi ne: me ya canza a ɗakin tiyata saboda aikin mutumin?

Ɗauki Farfesa Patrick Walsh na jami'ar Johns Hopkins a Amurka, wanda ya shugabanci sashen mafitsara na can daga 1974 zuwa 2004. Lokacin da ya fara, tiyatar cire furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji ya zagaye hanyar fitsari, aiki ne da ake gudu ko da ciwon daji ya kama shi. Jini yakan zuba sosai har likita ba ya ganin abin da yake yanka. Wanda ya tashi lafiya kuma kusan tabbas gabansa ya mutu, wasu ma ba sa iya riƙe fitsari. Maza da yawa sun gwammace su zauna da cutar.

Walsh ya fara da jinin. A 1979 shi da abokin aikinsa William Reiner suka bayyana yadda manyan jijiyoyin jinin da ke saman furostet suke, da yadda za a ɗaure su. Da wurin ya bushe, ido ya fara gani.

Saura mazakuta. A wancan zamani an ɗauka jijiyoyin da ke tayar da gaba ta cikin furostet suka ratsa, don haka babu makawa sai an yanke su. A Fabrairun 1981 Walsh ya je taro a birnin Leiden na ƙasar Holan, ya ziyarci Pieter Donker, farfesan da ya riga ya yi ritaya amma yana ta bin jijiyoyin mafitsara da madubin ƙara girma. Donker yana aiki ne a kan gawar jariri namiji da aka haifa babu rai, domin a jikin jariri babu kitse da tauri da za su rufe ƙananan jijiyoyi. Suna dubawa tare suka ga ashe jijiyoyin ta waje suke bi, manne da gefen furostet. Daga baya Walsh ya lura cewa tare da wasu jijiyoyin jini suke tafiya, waɗanda ido ke iya gani, sai suka zama alamar da likita zai bi ya kauce. Suka wallafa sakamakon tare a 1982, kuma ranar 26 ga Afrilun shekarar Walsh ya yi tiyata ta farko da niyyar tsirar da jijiyoyin. Mutumin da aka yi wa aikin ya dawo da ƙarfinsa. Har yau, ko da na'urar mutum-mutumi ake aikin, wannan taswirar ake bi.

Ka ga amsar tambayarka ta biyu ke nan: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Walsh ya san ɗakin tiyata, Donker yana da madubi da haƙuri. Haka ya ci gaba. Da Alan Partin suka fitar da jadawali a 1993 wanda ke haɗa gwajin jini na PSA da kamannin ƙwayoyin dajin a ƙarƙashin madubi da abin da likita ya ji da yatsa, don hasashen ko dajin ya fita daga furostet. Da William Isaacs, masanin ƙwayoyin gado, suka yi shekaru suna bin iyalan da cutar ke yawo a cikinsu. A 2007 Walsh ya samu kyautar Sarki Faisal ta Saudiyya a fannin likitanci tare da Fernand Labrie na Kanada.

Don haka idan ka ga sunaye goma, duba na farko, shi ne yawanci ya yi wahalar aikin, da na ƙarshe, jagoran tawagar. Sannan ka karanta sashen da mujallu da yawa ke tilasta wa marubuta su faɗi abin da kowa ya yi.

Abu ɗaya zan ƙara maka. Tiyatar Walsh tana amfani ne idan dajin bai fita daga furostet ba, mu kuwa a asibitocinmu dattawa sukan zo ne bayan fitsari ya tsaya ko ciwon ya kai ga ƙashin baya. Idan kana neman abin bincike, fara da dalilin wannan jinkirin, kuma ka nemi masanin gwajin tsoka da masanin ƙididdiga tun kafin ka tattara fayil na farko.