Tambaya da Amsa: Me Ya Sa i5 Ta Fi i7 Tsada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da cike fom a kusa da tashar mota. Tsohuwar kwamfutata mai babban akwati ta fara yi min gardama, ga shi tana shanye batirin sola tun kafin la'asar. Na ga wasu ƙanana da ba su wuce girman littafi ba, har ana liƙa su a bayan allo. Wani dillali ya ce yana da Core i7 da araha, wani kuma ya ce in ƙara kuɗi in ɗauki Core i5. Ta yaya i5 za ta fi i7 tsada? Ko dai so yake ya ci da gumina? Daga wani mai karatu a Funtua.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin zargin dillali na biyu, wataƙila shi ne ya gaya maka gaskiya.

Kwanakin baya wani dattijo ya shigo shagona da irin wannan 'yar kwamfuta naɗe a cikin sallaya, yana cewa ya sayi i7 amma kafin ta gama buɗewa sai ya shanye shayinsa. Na kwance ƙusa ɗayar da ke bayanta, na zare murfin. Lallai furosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, i7 ce ta kamfanin Intel, ba a yi masa ƙarya ba. Sai dai lambarta 4785T, wato zubi na huɗu, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan. Ga RAM giga 4 kacal, ga tsohuwar ma'adana mai faifai tana ƙara kamar keken ɗinki. Tambarin ya saya, bai duba shekaru ba.

To sirrin yana cikin lambar da ke bin sunan. Idan lambobi huɗu ne, ta farko ita ce zubin: 6500T na shida, 8500T na takwas. Idan biyar ne, kamar 10500T, sai ka ɗauki biyun farko, zubi na goma ke nan. Ita i5-8500T da ta fito a 2018 ma'aikata shida ne a cikin ƙwaƙwalwarta, waccan i7 ta dattijon kuwa huɗu gare ta, kuma ta girme ta da shekaru huɗu. Sa su a tseren doki, matashin ne zai riga.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi. Kamfanin Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas na Intel take farawa. Na san yaran kasuwa suna da dabarar cusa ta a kan zubi na shida da na bakwai, tana kuma aiki. Amma kai da kake shigar da lambar NIN da bayanan bankin mutane kullum, ban ga dalilin da zai sa ka gina sana'arka a kan dabara ba. Ka tsaya a na takwas ko sama da haka.

Irin waɗanda za ka fi samu a titin Beirut a nan Kano, ko Computer Village a Ikeja, iri uku ne: Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk ko ProDesk Mini, da Lenovo ThinkCentre Tiny. Yawanci na ofisoshin Turai da Amurka ne da aka sauya musu sababbi. Ni ba na ɓata baki wajen fifita ɗaya a kan ɗaya, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Abin da ke ciki shi ne magana.

RAM kamar teburin tela take, inda yake baza yadi yana yanka. Ma'adana kuwa ita ce kabad ɗin da yake jibge kayan mutane. Kabad komai girmanta, in tebur ya yi ƙanƙanta sai an yi ta ɗauke wannan a ajiye wancan. Kai da za ka buɗe Word, ga CorelDRAW na katin biki, ga shafuka goma a Chrome ana jiran fom ya buɗe, giga 8 shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda ka ɗauka, 16 kuwa shi ne kwanciyar hankali. Daɗin waɗannan ukun, gurbin RAM biyu gare su, irin ta laftof suke ɗauka. Don haka in kuɗi sun gaza, ka nemi mai giga 8 a sanda ɗaya, gurbi ɗaya a buɗe, in kasuwa ta yi kyau bayan sallah ka ƙara. In aka ba ka 4 da 4, ranar ƙari sai ka cire ɗaya ka ajiye.

Ma'adana kuma ta zama SSD, wato marar faifai mai sauri, ba sulhu a nan. Gara SSD mai giga 256 da tsohon faifai mai tera ɗaya.

Batun sola, a nan za ka ji daɗi. Yawancinsu cajar wat 65 suke amfani da ita, kamar laftof, kuma harafin T da ke ƙarshen lambar yana nufin furosesa ce mai wat 35 da aka yi don tsimin wuta. A aikin rubutu ba ta ma kusantar ƙarshen ƙarfin cajar. Amma fa ina zargin ba kwamfutar kaɗai ke cinye maka batir ba. In firintarka mai garin tawada ce, duk sanda ta ɗumama tana jan wat ɗaruruwa. Kuma ka tuna 'yar kwamfutar nan ba ta da batir a ciki. Inbata ta ɗauke, ita ma ta ɗauke, da fom ɗin da aka kusa gamawa.

Ranar saye kada ka karɓa a leda. A kunna a gabanka, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, za ka ga lambar furosesa, yawan RAM da irin ma'adanar da idonka. Ka juya bayanta ka dubi ramukan: da yawa DisplayPort gare su, in allonka mai tsohon toshi shuɗi ne na VGA, sai ka haɗa da 'yar mahaɗa tun a can. Ba kowacce ke zuwa da Wi-Fi ba, kai kuwa na san da wayarka kake ba ta intanet, don haka a gwada. Sai caja. Dell musamman, in ba ta gane cajarta ba takan yi gargaɗi lokacin kunnawa, ta kuma rage gudu da gangan. Na sha ganin an zo gyaran kwamfuta lafiyayya, ashe cajar bogi ce ciwon. Farashi kuwa da dala yake tafiya, ka zaga shago uku da lambar furosesa a rubuce a takarda, a kanta za ku yi ciniki.

Tambaya: Salam. Yarana biyu za su rubuta JAMB, ina so su saba da kwamfuta a gida. Maigidan ya ce ba ya son ta hannu. Na ga sababbi 'yan China a intanet masu N100. Suna da kyau? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yaran sa'a. Don gwajin jarrabawa, koyon bugun rubutu da kallon darasi, N100 ta wadatar. Furosesa ce da Intel ta fitar a 2023, tana ɗaukar Windows 11, wutar da take ci kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Abu biyu za ki tambaya. Wasu RAM ɗinsu a like take da allon ciki, ba a ƙara ta, don haka ki ɗauki mai giga 16 tun farko. Sannan in ta lalace, wa za ki mayar wa? Kayan gyaran Dell da HP a ƙasa suke a kasuwa, na waɗannan kuwa sai an yi oda. Ki faɗa wa Alhaji cewa ni da kaina ta hannu ce a kan teburina. Kada ki manta da lissafin allo, kibod da maus, domin kwalin ba ya zuwa da su, kuma su ne ma abin da yaran suka fi buƙatar hannunsu ya saba da shi kafin ranar.

Tambaya: Ina ɗaukar bidiyon biki da suna, ina son Mac mini don tacewa. Ta cancanci kuɗinta? Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Ta cancanta, ƙanena, in tace bidiyo ne abincinka. Ƙaramar kwamfutar kamfanin Apple ce, mai furosesar M4 da ta fito a ƙarshen 2024 an fara sayar da ita dala 599 a Amurka, da RAM giga 16 da ma'adana 256, faɗinta bai kai santimita 13 ba. Sai dai yadda ka saye ta haka RAM ɗinta za ta zauna har abada, kuma giga 256 bikin Alhaji ɗaya mai kamu, ɗaurin aure da dina ya isa ya cike ta. Ka ware kuɗin SSD ta waje. Ramukan USB ɗinta duk ƙanana ne irin na sababbin wayoyi, tsohon filas ɗinka da makarancin katin kyamara ba za su shiga ba sai da mahaɗa. In ta hannu za ka saya, mai ita ya cire asusunsa na Apple a gabanka, ka shigar da naka ka ga ta karɓa, sannan ka ƙirga masa sefarsa.