Filin Tambaya da Amsa: Mutum-mutumina yana mutuwa da zarar tayoyi sun motsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa ƙaramin mutum-mutumi mai tayoyi biyu da allon Arduino Uno (ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni don ya sarrafa na'ura), na sa masa sensa samfurin HC-SR04 don ya riƙa kauce wa abin da ke gabansa. Idan yana jone da kwamfuta komai yana tafiya daidai, amma da zarar na cire shi na sa masa batir mai kusurwa huɗu na bolt 9, sai tayoyin su ɗan motsa, allon ya mutu ya sake tashi. Wani abokina ya ce in koma Raspberry Pi domin ya fi ƙarfi. Shin hakan zai magance matsalar? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar sabon allo tukuna, domin dukkan alamomin da ka ambata suna nuni ga ƙarancin wuta ne, kuma allonka da umarnin da ka rubuta masa ba su da laifi.

Batirin da kake amfani da shi an yi shi ne don na'urorin da ke shan wuta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci. Injin juya taya kuwa ya fi jan wuta a daidai lokacin da zai tashi daga tsaye, musamman idan nauyin mutum-mutumin yana kansa, kuma abin da yake ja a wannan ɗan lokaci yakan ninka na tafiya sau da dama. Batirin ba ya iya bayar da wannan adadi, sai ƙarfinsa ya faɗi. Shi kuma Uno, idan ta ƙofar batir ake ba shi wuta, yana son tsakanin bolt 7 zuwa 12 kafin ya iya samar da bolt 5 da ƙwaƙwalwarsa ke aiki da shi. Da wutar ta yi ƙasa sai ya mutu, injinan su tsaya, batirin ya farfaɗo, allon ya tashi ya sake kunna injinan, a koma gidan jiya. Kwamfuta tana ɓoye wannan matsala ne saboda ita ke ciyar da allon, kuma ƙofarta ta USB tana iya ba shi har miliamfiya 500.

Kafin ka sayi komai, jona mitar awon wuta a kan batirin, ka kalli lambar yayin da tayoyin ke tashi a ƙasa. Idan ta yi ƙasa sosai, ka gano bakin zaren.

Maganin shi ne injinan su sami batirin kansu mai ƙarfi. Batura biyu samfurin 18650 da aka jera ɗaya bayan ɗaya suna ba da bolt 7.4, ko 8.4 idan cajinsu ya cika, kuma sun isa. Wutar ta bi ta allon tuƙa inji, irin su L298N, wanda shi ne mafi yaɗuwa ko da yake yana cinye kusan bolt 2 ya mai da su zafi. Ni na fi son TB6612FNG saboda asararsa kaɗan ce. Wajibi ne a haɗa wayar nagetif ta batirin injinan da ƙafar GND ta Arduino (wato ramin jona wayar nagetif a jikin allon), in ba haka ba saƙon allon ba zai isa yadda ya kamata ba, kuma wannan ita ce wayar da masu koyo suka fi mantawa. Kada ka kuskura ka jona inji kai tsaye a ƙafar allon, domin miliamfiya 20 aka ƙayyade wa kowace ƙafa. A ɓangaren umarni kuma, tun da ana auna gudu daga 0 zuwa 255, ka riƙa ƙara shi sannu a hankali maimakon ka fara da 255.

Batiran 18650 suna buƙatar kulawa, don suna iya kama wuta idan wayoyinsu biyu suka haɗu ko aka huda su. Ka yi amfani da cajar da aka yi dominsu, ka kuma sa makunni kusa da su.

Game da shawarar abokinka, Raspberry Pi, wanda ya fito a Birtaniya a 2012, cikakkiyar kwamfuta ce mai aiki da Linux, don haka ya fi Uno jan wuta nesa ba kusa ba, kuma yankewar wuta kwatsam tana iya lalata bayanan da ke katin ajiyarsa. Ƙafafunsa na bolt 3.3 ne, alhali sensarka tana maido da saƙo na bolt 5, wanda zai iya ƙona su idan ba a rage shi ba. Ranar da kake son mutum-mutumin ya gane abubuwa da kyamara, lokacin Raspberry Pi ya yi, amma kauce wa bango aiki ne da Uno yake yi cikin sauƙi.